Makonnin da na ci abinci ta jijiyar wuya

Taifot ce ta ɓula mini hanji. An yi mini tiyata cikin dare a wani asibitin koyarwa, aka ɗinke inda ya ɓule, aka wanke cikin, 'yan uwa suka ce an auna arziki. Ba a jima ba ɗinkin ya fara tsatsafo da wani ruwa kore-kore mai ƙarni, wanda ke cin fata duk inda ya taɓa. Babban likitan ya duba, ya ce ɗinkin ciki ne ya saki, abin da ke cikin ƙaramin hanji ya samu hanya yana fitowa ta bakin raunin. Yoyon hanji ke nan. Suka manna mini leda a wurin suna auna abin da ya taru. Kullum sai ya haura rabin lita, kuma a wajensu duk yoyon da ya wuce mililita 500 a yini babba ne.

Na ce to a mayar da ni ɗakin tiyata a sake ɗinkewa mana. Ya girgiza kai.

"Malam, hanjin da ya kumbura haka zare ba ya kama shi. In muka shiga yanzu sai mu ƙara maka wasu ramukan. Hutawa za mu bar shi ya yi, mu ga ko zai rufe da kansa. Amma jikin da ke cikin yunwa ba ya warkar da rauni, kai kuma ka daɗe ba ka ci komai ba."

Inna tana zaune a kan tabarma a gefen gado. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye a gaban mutane ba. Sai ta dubi likitan ta ce, "Likita, ai ana ta ƙara wa yaron nan ruwa."

Ni ma haka na ɗauka, kuma na san mutane da yawa haka suka ɗauka: in dai leda na rataye tana ɗiga, to majinyaci yana samun abinci. Lissafi nake koyarwa a makarantar sakandare, saboda haka da wata ƙaramar likita ta karanto mini abin da ke jikin ledar, ban sha wahalar ganewa ba. Ruwan sukarin da aka fi ƙarawa, mai kashi 5 cikin ɗari, giram 25 na sukari ne a cikin rabin lita, wato kalori 100 ko ƙasa da haka. Bai kai sukarin da ke cikin kwalbar lemo guda ba. Ko an ƙara maka leda shida a yini, ba ka samu rabin abin da jikinka ke ƙonawa kana kwance ba, kuma babu ɗigon furotin ko mai a ciki. Ruwan gishirin kuwa ko kalori ɗaya ba shi da shi. Ruwa ne, yana hana bushewa, yana ɗaukar magani, iyakarsa ke nan. Sauran buƙatar jiki daga naman jikinka yake cirowa. Shi ya sa cinyoyina suka zube, agogona ya koma yawo har gwiwar hannu.

Abin da suka ce za a yi shi ne a ba ni cikakken abinci ta jijiya, wanda ba ya bi ta ciki sam. Da hanjina lafiya yake, haɗiya ce kawai ta gagara, da bututun hanci za a zura mini zuwa ciki, don ya fi sauƙi, ya fi araha, kuma haɗarinsa kaɗan ne. Likitan ya nanata wannan: muddin hanji na aiki, shi ake amfani da shi. Nawa ne ba ya riƙe komai.

Kafin a kai ga jijiya sai da aka bi ta aljihu. Asibitin ba ya ajiye ledojin, takarda aka rubuta wa ƙanina ya shiga gari nema. Ya dawo da yamma fuskarsa ba daɗi, ya sunkuyo ya ce, "Yaya, an samu, amma fa..." Albashina na wata bai isa sayen na mako guda ba. Matata ta karɓi adashinta tun kafin layi ya zo kanta, malaman makarantarmu suka yi karo-karo, Kawu ya sayar da raguna biyu da yake turke domin Babbar Sallah. Ba zan ja maganar kuɗi ba, amma duk wanda za a yi wa ɗan uwansa wannan magani a ƙasar nan, ya tambayi likita tun ranar farko tsawon lokacin da ake hasashe, domin fara shi a yanke a tsakiya wata wahalar ce daban.

Aka auna nauyina, aka ɗebi jini kwalabe-kwalabe: na ƙoda, na hanta, na sukari, na gishirin jiki. Masaniyar abinci ta zo da ɗan littafinta ta yi lissafi a gabana, kalori 25 zuwa 30 ga kowane kilo na nauyi a yini, furotin kuma wajen giram ɗaya da rabi ga kowane kilo, saboda mai yoyo yana asarar furotin ta raunin. Sannan ta yi mini tambayar da ta ba ni mamaki: ko ƙwai, ko waken suya, ko gyaɗa suna sa ni ƙaiƙayi ko kumburi? Ashe man da ke cikin abincin daga waken suya ake tatso shi, kuma da wani sinadari na ƙwanduwar ƙwai ake haɗa shi don ya gauraya da ruwa.

Ba a sa irin wannan abincin ta kanular hannu, sai dai mai tsarma-tsarma na 'yan kwanaki. Kaurinsa ya yi yawa, yana ƙona ƙananan jijiyoyi su kumbura su toshe. Babbar jijiya ake nema, inda jini ke gudu da yawa ya tsinka shi nan take. Likitan sa barci ne ya zo yin aikin sa bututu a jijiyar wuya, amma ni ido biyu aka yi mini. Suka kwantar da ni rigingine, suka sauke kan gadon ƙasa kaɗan don jijiyar wuya ta cika, suka juyar da fuskata hagu, aka goge wuyan dama da magani mai sanyi, aka lulluɓe ni da ƙyalle har fuska. Wannan lulluɓin ya fi allurar tayar mini da hankali. Ina ta karanta abin da ya sawwaƙa a zuci. Ya ɗora na'urar sikanin a wuyana yana neman jijiyar, ya yi allurar kashe zafi, daga nan ban ƙara jin zafi ba sai dannawa da turawa. Ya ce, "Malam, kada ka yi tari, kada ka motsa, saura kaɗan." Ya zura siririyar waya, ya bi ta da bututun, ya zare wayar, ya ɗinke bututun a jikin fata, ya rufe da filasta mai shara-shara. Bakin bututun can yake tsayawa a babbar jijiyar da ke zuba jini cikin zuciya. Ba su yarda an ɗiga komai ba sai da aka tura ni hoton ƙirji, aka tabbatar ya zauna inda ya kamata kuma allurar ba ta taɓa huhu ba.

Ledar kanta abin kallo ce. Kabiven aka rubuta a jikin wadda muka fi samu. Gida uku ne a leda ɗaya: ɗaya ruwan sukari, ɗaya sinadaran da jiki ke gina furotin da su tare da gishiri, na ukun mai, fari fat. Sista takan shimfiɗa ta a kan tebur ta nannaɗe ta da ƙarfi har shingayen su fashe, ta jujjuya, komai ya koma fari. Bitamin da su zink ba sa ciki, a 'yan kwalabe daban ake sayo su a zuba, kuma ba abin rainawa ba ne, don mai yoyon hanji yana zubar da zink sosai, rauni kuwa ba ya rufewa in babu shi. Da zarar an fasa an rataye, awa 24 ne wa'adinta. Ko saura ya rage, zubarwa ake yi. Ranar da na ga an sauke leda da sauran kusan kofi guda a ciki, na san kuɗinsa, sai na kau da kai. Wadda ba a fasa ba kuma ba a son ta wuce zafin digiri 25, ga shi bazara ake ciki. Ƙanina ya dinga naɗo su a cikin kula, yana roƙon a ajiye mana a ofishin da ke da na'urar sanyaya ɗaki. 'Yan dubiya kuwa suna ganinta sai su ce, "Ah, madara ake ƙara masa."

Na zaci za a sakar mini ita ne in ƙoshi. Ina! Ranar farko ko rabin abin da aka lissafa ba a ba ni ba, kuma sai da aka fara yi mini allurar bitamin B1. Na yi ƙorafi, ƙaramar likitar ta zauna ta yi mini bayani. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, in aka kwararo masa sukari lokaci guda, insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yakan tashi ya kwashe gishirin jiki irin su fosfet da fotasiyam da magniziyam daga cikin jini ya tura cikin ƙwayoyin jiki. Sai jini ya wayi gari babu su, zuciya ta rikice, numfashi ya yi rauni, wani ya yi ta jijjiga, wani ya tafi ke nan. Ta ce an ga haka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka sako fursunonin yaƙi da suka sha yunwa aka ba su abinci da yawa don tausayi. Ni ma duk da a hankalin da aka bi, fosfet ɗina ya faɗi, hannuwana suka yi nauyi, sai da aka rage gudun ledar aka ƙara mini shi, sannan aka ci gaba da hawa.

Sai sukar yatsa. Ba ni da ciwon suga, amma sukarin da ke shiga jijiya kai tsaye, ga ciwo a jiki, ya sa nawa ya hau. Duk bayan awa shida ake huda yatsa, har na fara yi wa yatsun jadawali don kada ɗaya ya gaji. An yi mini allurar insulin na wani lokaci. Akwai na'ura mai ƙidaya gudun ruwan, tana da batir, amma in aka ɗauke wuta aka daɗe sai ta fara kuka, Sista ta zo ta cire ta koma ƙirga ɗigo da agogon hannu. Ba a son ya zuba da gudu, ba a kuma son a tsayar da shi kwatsam, don sukari na iya faɗuwa.

Abin da babu wanda ya shirya ni a kansa shi ne baki. Bayan 'yan kwanaki ƙarfi ya fara dawowa, na iya zama ba tare da jiri ba, murɗawar yunwa ta lafa. Amma kwaɗayi bai san da zaman wata leda ba. Ɗakin maza na tiyata da magariba ya zama kasuwar abinci: wannan an kawo masa tuwon shinkafa da miyar taushe, wancan farfesun kayan ciki, masu jinya suna buɗe kuloli suna yi wa juna bismilla. Ni kuwa sai in ja zane in rufe hanci. Na yi mafarkin fura da nono ya fi a ƙirga, abin da ko da nake lafiya ban damu da shi ba. Harshe ya yi fari, leɓe ya tsattsage, yawu ya yi kauri. Matata ce ke goge mini baki da auduga, ta shafa mini man kaɗanya a leɓe, ta sa ni asuwaki in kurkure in zubar. Takan ce, "Malam, kada fa ka haɗiye," tana riƙe da kwano a ƙarƙashin haɓata kamar mai gadi. Ita kanta ta daina cin abinci a gabana, sai ta fita baranda.

Inna ce abin ya fi damu. A wajenta, mutum ya yi makonni ko koko bai sha ba, likitoci kuma suna cewa yana samun sauƙi, wannan zance ne da hankali ba ya ɗauka. Wata safiya ta zo da kunun tsamiya a ƙaramin filas, ta ɓoye a cikin mayafi. Ba ta ce mini komai ba, ta miƙa wa matata ta ce, "Ki ɗan jiƙa masa maƙogwaro, cokali biyu ba ya kisa." Matata ta rasa yadda za ta yi, ba ta iya musa wa suruka ba. Allah ya kawo Sista, wata dattijuwa da ta kusa ritaya. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta gaishe da Inna, ta ɗaga zanen ta nuna mata ledar yoyon, ta ce, "Inna, duk abin da ya sha nan zai fito, kuma ba shi kaɗai ba. Da abinci ya taɓa ciki, jiki ke sako ruwan narkarwa, shi ne wannan da ke cinye masa fata yana hana ramin rufewa." Daga baya na karanta cewa ruwan da baki da ciki da hanta da hanji ke fitarwa a yini yakan kai lita 7, hanjin ne ke sake tsotse kusan dukansa. Inna ta yi shiru, ta ba wa yaron gadon kusa da ni kunun. Daga ranar ta koma tambayar "nawa ya fita yau?" tun kafin ta zauna.

Bututun wuyan shi ne rai, shi ne kuma haɗarin. Ƙofa ce buɗaɗɗiya zuwa zuciya, abin da ke bi ta ciki kuma sukari ne da mai, abincin da ƙwayoyin cuta ke so. Dokar Sista ita ce: baki ɗaya na bututun na abinci ne kaɗai, ba a ɗibar jini ta nan, ba a yin allura ta nan, duk mai taɓawa ya wanke hannu, ya sa safa, ya dirje bakin da sifirit ya bari ya bushe. Ta ce mini in na ga wani zai taɓa bai yi haka ba, ko wane ne, in yi magana. Da wuya majinyaci ya ce wa likita "wanke hannunka", amma na koyi faɗa da lafazi mai laushi. Duk da haka, wani dare ana cikin ƙarin sai sanyi ya rufe ni, haƙora na haɗuwa, gado na girgiza, zafin jiki ya haura digiri 39. Masu jinya suka ce maleriya ce. Likitan da ke kwana ya ce mai bututu a wuya in ya yi zazzaɓi, bututun ake fara tuhuma. Aka tsayar da ledar, aka ɗebi jini don a gwada ko akwai ƙwayoyin cuta a ciki, aka fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, washegari aka cire bututun. Sai da zazzaɓin ya sauka aka sa wani a ɗaya ɓangaren, wato na sake shiga ƙarƙashin ƙyallen nan. A tsakanin nan da ruwan sukari mai kashi 10 da kwalaben amino asid, wato sinadaran gina furotin, ta hannu aka riƙe ni, jijiyoyin hannun suka yi ta kumbura ana canza wuri. Haka aka sake yi wani lokaci da ledojin suka yanke a gari gaba ɗaya, har sai da aka sako mana daga Legas a mota.

Dare ba barci, sai na koma karance-karance a waya. Na ɗauka abin ya daɗe a duniya, ashe bai girmi Inna ba. A 1962 aka fara amfani da ruwan man nan a ƙasar Suwidin, wani masani Arvid Wretlind ne ya haɗa shi, don kafin nan man da ake gwadawa yana sa mutane zazzaɓi da wasu matsaloli. A Amurka kuma wani matashin likitan tiyata, Stanley Dudrick, a Jami'ar Pennsylvania, ya raini 'yan kwikwiyo da abincin jijiya zalla suka girma daidai da 'yan uwansu masu ci da baki, sannan aka yi wa wata jaririya da aka haifa kusan ba hanji, ta yi nauyi ta girma. A 1968 suka wallafa sakamakon. Yau a Turai da Amurka akwai masu yin shekaru a kansa a gidajensu, su rataya leda da dare su tafi aiki da safe. Mu a nan ko a asibiti sai an yi fafutuka, alhali ɓulewar hanji ta taifot, da ruwan sha mara tsabta ke jawowa, ta fi yawa a wajenmu. Yaran da na gani a ɗakin nan da irin ciwona, mafi yawansu iyayensu ba su iya sayen ko leda ɗaya ba.

Wani abokin aikina mai barkwanci ya zo dubiya ya ce ai ni na riga kowa, in biya bashin azumi tun yanzu tunda ba ci ba sha. Limamin unguwarmu yana wurin, ya yi dariya ya ce a'a, allurar magani daban, wadda ke ciyar da jiki daban; wannan tana matsayin ci da sha, tana karya azumi, mara lafiya kuma dama an ɗauke masa.

Gwajin hanta ya ɗan hau bayan wasu makonni, abin da suka ce yakan faru in an daɗe ana ciyarwa ta jijiya, musamman in hanji da matsarmama suna zaune ba aiki. Suka rage sukarin, suka fara ba da hutun 'yan awoyi tsakanin leda da leda. A wannan hutun ne nake tura sandar ƙarin ruwa in yi tattaki a baranda, don sun ce furotin ba ya zama tsoka a jikin da ke kwance.

Yoyon ya yi ta raguwa da kaɗan-kaɗan, da taimakon maganin rage ruwan ciki da na rage gudun hanji. Da ya sauka ƙasa da mililita 200, babban likitan ya ce a gwada baki. Na sa rai da ruwan randa mai sanyi, sai aka kawo ruwan gishiri da sukari, a kurɓa da cokali. Ashe ruwa zalla yana jawo gishiri daga jiki zuwa cikin hanji ya ƙara yoyon. Bayan shi koko mai ruwa-ruwa, wanda Inna ta dama da hannunta ta tace sau biyu, sannan dafaffen ƙwai, farar shinkafa mai laushi, ayaba. Cokali kaɗan nake yi in ji na cika, muƙamuƙi ya gaji da tauna. Kowane ci sai an duba ledar raunin. Ba a cire abincin jijiyar rana ɗaya ba: ina ƙara ci ana rage shi, har masaniyar abinci ta lissafa ta ga bakina na kawo fiye da rabin abin da nake buƙata. Ramin ya rufe ba tare da an sake tiyata ba, kuma likitan ya gaya mini ba kowa ke samun haka ba, wasu sai an jira watanni an sake yanka.

Cire bututun bai kai sa shi wahala ba. Aka kwantar da ni rigingine, aka yanke zaren, aka ce in ja numfashi in riƙe don kada iska ta shiga jijiya, aka zare, Sista ta danne wurin na mintuna, ta rufe da filastar da iska ba ta ratsawa, ta ce kada in tashi zaune sai an jima. Aka sallame ni da zink da bitamin da takardar dawowa asibiti duk bayan mako biyu a hau sikeli.

Leda ɗaya ta rage mana ba a fasa ba, da 'yan kwalaben bitamin. Ƙanina ya mayar wa mai kyamis, ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Muka kai wa Sista, ta duba kwanan watan da ke jiki, ta rubuta sunan wani yaro ɗan shekara goma sha biyar da aka yi wa tiyata a makon, ta ce sai likita ya lissafa nauyinsa tukuna, don leda irin tawa ta yi masa yawa a yini ɗaya.